Duk ranar da na daɗe a rana sai ƙuraje su feso mini: me zan yi a gida?

"Assalamu alaikum likita. Ni malamar firamare ce, shekaruna 29. Shekara biyu ke nan, da zarar zafi ya kama, in na daɗe a rana, kamar ranar da na tsaya da yara a filin makaranta ko na yi wanki a tsakar gida, da yamma sai wasu ƙananan ƙuraje kamar ƙwayar gero su feso mini a bayan hannu har zuwa gwiwar hannu, da gefen wuya da saman ƙirji, ko da kuwa na yafa mayafi. Ƙaiƙayi har hana ni barci yake. Sukan yi kamar mako guda su mutu, su bar baƙin tabo. Fuskata dai ba ta yi. A kemis an ba ni wani mai, yana kwantar da su, amma wurin ya fara yin fari, kuma ina dainawa suke dawowa. A gida an ce zafi ne ya yi mini yawa, har jiƙon tsamiya na yi ta sha. Garinmu babu likitan fata. Me zan iya yi a gida?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ki lafiya. Kin yi bayani irin wanda likita yake so, domin kin faɗi inda ƙurajen suke fitowa, da lokacin da suke fitowa, da inda ba sa fitowa. Waɗannan ukun sun fi rabin bincike. In na fahimce ki, ƙuraje ne masu ƙaiƙayi da ke zuwa sa'o'i bayan kin sha rana, a wuraren da rana take samu, su yi kwanaki su tafi, su dawo in kin sake shiga. Ban ga fatarki da idona ba, saboda haka ba zan yanke miki hukunci daga nesa ba. Amma siffar da kika zayyana ta yi kama ƙwarai da mafi yawan nau'in rashin jituwar fata da rana, wanda a littattafanmu ake taƙaita sunansa da PMLE. Ya fi kama mata, kuma yawanci kafin su kai shekara 30 yake fara bayyana. A baƙar fata irin tamu ba kasafai yake yin jan nan da ake nunawa a hotunan Turawa ba. Ƙananan ƙuraje ne kamar kan allura, a cunkushe, kamar yadda kika ce.

Haske ne, ba zafi ba

Abu na farko da nake so ya zauna miki shi ne, ba zafin rana ne yake ta da wannan ciwo ba, haskenta ne. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin ɗuminsa. Wanda yake iso mu a ƙasa iri biyu ne, UVA da UVB. Kusan kashi 95 cikin ɗari nasa UVA ne, kuma shi ne ya fi ta da irin ƙurajenki. Yana shiga cikin fata ya ɗan sauya wani abu a cikinta, sai sojojin jiki su ɗauka baƙo ne ya shigo, su far masa. Wannan faɗan ne yake fitowa a matsayin ƙuraje, kuma shi ya sa ba nan take suke fitowa ba, sai da yamma ko washegari.

Sanin wannan yana sauya komai a aikace. UVA yana ratsa gilashin taga da gilashin gefen mota. Yana ratsa hadari mara kauri da hazon hunturu. Na ga mata da yawa da suke rantsuwa ba su shiga rana ba, da muka bi diddigi sai muka tarar kullum gefen taga suke zama a ofis ko a mota, kuma hannun da ke ɓangaren tagar ne ya fi lalacewa. A Kano da garuruwan da ke layi ɗaya da ita, rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. Ta Afrilu kowa yana gudunta saboda zafi. Ta Agusta kuwa, tsakiyar damina, gari ya yi sanyi, mutum ya saki jiki ya yi ta aiki a fili, alhali hasken yana nan da ƙarfinsa.

Jiƙon tsamiya ba zai cutar da ke ba, amma ba zai taɓa wannan ciwon ba. Mutanen gida da suka ce zafi ne, da ƙurajen zafi suka haɗa shi, kuma kamannin yana ruɗarwa. Ƙurajen zafi daga toshewar ƙofofin gumi suke zuwa, don haka inda tufa ta rufe suke fitowa: gadon baya, hammata, ƙarƙashin nono, matsematsi. Naki kuwa a inda tufa ta bari suke. Ki tsaya gaban madubi ki duba gefen wuyanki da saman ƙirjinki. In ƙurajen sun tsaya cak a inda wuyan riga ya fara, kamar an ja layi, kuma ƙarƙashin haɓa da bayan kunne da ƙarƙashin agogo ko awarwaro fes suke, to haske ne. Fuskarki da ba ta yi, wannan ma shaida ce. Fuska kullum a waje take, ta saba da rana tun kina yarinya. Wuya da hannuwa da ke ɓoye a hijabi mafi yawan lokaci su ne baƙin rana, su ne suke yin bore.

Akwai wani nau'in da ya kamata a ware tun yanzu. Shi wannan borin jini ne na rana: cikin 'yan mintoci da shiga rana fata take tashi ruɗu-ruɗu, da an koma inuwa kuma ya kwanta cikin awa ɗaya ko biyu, ba ya barin tabo. Bai yi kama da naki ba, amma duk mai karanta wannan da nasa yake haka, musamman in yana haɗawa da jiri ko sarƙewar numfashi, asibiti ya kamata ya nufa, ba dabarun gida ba.

Ki fara da binciken abin da kike sha da abin da kike shafawa

Kafin in yarda cewa fatar mutum ce kawai ba ta jituwa da rana, sai na sa an juye mini jakar magani da kwandon kayan shafa a kan tebur. Sau da yawa mai laifin yana ciki. Akwai magunguna da in suna cikin jini, hasken da jiya bai yi wa mutum komai ba yau sai ya ƙone shi. Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don ki iya dubawa. A magungunan kashe ƙwayoyin cuta akwai doxycycline da tetracycline da ciprofloxacin da Septrin. Mata suna yawan shan waɗannan da sunan maganin sanyi ko taifod, sau tari ba tare da takardar likita ba. A maganin ciwon jiki akwai piroxicam, wanda aka fi sani da Feldene, da naproxen. A maganin hawan jini akwai hydrochlorothiazide, wanda kan ɓuya a cikin ƙwaya mai haɗi biyu ko uku, da furosemide. Sai griseofulvin na makero, da glibenclamide na ciwon suga.

Ba na manta wani dattijo manomi da 'ya'yansa suka kawo. Bayan hannuwansa da ƙeyarsa da goshinsa sun yi baƙi ƙirin, sun yi kauri kamar fatar jima, ya sosa har sun tsattsage. Inda hularsa take zama kuwa, da inda rigarsa take rufewa, fata lafiya lau. An yi masa turare, an yi wanka da sassaƙe iri-iri, an ce sammu ne. Da ya zaro ledar maganinsa daga aljihu, sai ga ƙwayar hawan jini mai hydrochlorothiazide da ya fara sha watanni kaɗan kafin abin ya soma. Muka yi magana da likitan da ke duba hawan jininsa aka sauya masa wata, aka ba shi mai, aka ce ya riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu a gona. Sannu a hankali fatar ta dawo. Ki lura dai, sauya masa aka yi, ba dainawa ya yi da kansa ba. Maganin hawan jini ko suga ko tarin fuka ba a ajiye shi saboda ƙuraje sai da wanda ya rubuta shi.

Sai abin shafawa. Lemun tsami yana kan gaba. A cikin ruwansa da ɓawonsa akwai sinadarin da in ya taɓa fata rana ta haske shi, bayan kwana ɗaya zuwa uku wurin yake yin ja, wani lokaci har ya ɗuri ruwa kamar ƙunar wuta, daga baya ya bar baƙin zane mai watanni. Ana gane shi da siffarsa: layi-layi inda ruwan ya gangara, ko shatin yatsu. Na gan shi a hannun masu matsa lemu a zoɓo da kunu, na gan shi a fuskar 'yan mata masu haɗa lemun tsami da zuma ko kurkur don gyaran fata, har a jikin jariri na gan shi, shatin hannun uwarsa a haƙarƙarinsa. Turare ma haka, musamman mai ɗauke da man ɓawon lemu. Tunda kin ambaci gefen wuya, ina tambayarki: a nan kike ɗiga turare ko humra? In eh, ki mayar da shi jikin tufa na wata guda ki gani. Sabulai masu magani da ake cewa suna kashe ƙwayoyin cuta, da mayukan ƙara hasken fata, su ma ki ajiye su a wannan watan. Sabulu mara ƙamshi da man kaɗanya ko basilin sun ishe ki.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa: yau na yi minti kaza a rana, da ƙarfe kaza, da riga kaza, na sha kaza, na shafa kaza, ƙuraje sun fito ko ba su fito ba. Cikin mako uku za ki san iyakar da fatarki take ɗauka. Wata minti 10 ya ishe ta, wata sai ta yi awa biyu. Wannan iyakar taki ce ke kaɗai, babu littafin da zai gaya miki ita.

Tufa da lokaci

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan ne muka yi sa'a, don shigarmu ta riga ta yi mana rabin hanya. Sai dai ba kowane yadi ne yake tare haske ba. Kin ce ƙurajen suna fitowa ko kin yafa mayafi, ban yi mamaki ba. Ki ɗauki mayafin ki ɗaga shi saitin rana ko fitila. In kina hango haske ta tsakanin zaren, hasken ma yana hango fatarki. Siririn gyale, da boyel, da leshi mai huji-huji, ado ne kawai a wajen rana. Atamfa mai kyau, da shadda, da yadin hijabi mai cikakkiyar saƙa sun fi su nesa ba kusa ba. Mai duhun launi ya fi fari tarewa, duk da ya fi shi ɗumi, don haka a ɗinka shi da yalwa iska ta riƙa shiga. Tufa in ta jiƙe ko ta ɗame jiki kariyarta tana raguwa, abin lura ne ga mai wanki.

Ina zargin a tsakar gida kike shan mafi yawan ranar da ke cutar da ke, ba a makaranta ba. A waje mace tana cikin hijabi. A gida kuwa daga ɗaurin ƙirji sai 'yar shimi, a duƙa kan bahon wanki da hantsi, wuya da kafaɗa da hannuwa duk a buɗe, ga siminti da farin bango suna dawo da haske daga ƙasa da gefe. Ki mayar da wanki da shanya da wanke-wanke zuwa bayan sallar asuba ko bayan la'asar. In ba hali, ki ja bahon zuwa ƙarƙashin rumfa, ki ware wata tsohuwar riga mai dogon hannu da rufaffen wuya ta zama ta aikin tsakar gida. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma hasken ya fi ƙarfi. Wanda ba shi da agogo ya dubi inuwarsa: muddin ta fi shi gajarta, rana tana da kaifi.

A makaranta, ki nemi shugabar makarantarku ki yi mata bayani a mayar da ke tsayuwar safe maimakon ta lokacin tara ko tashi, ko ki riƙa tsayawa a baranda. Ki riƙe laima mai duhu, ba sai ana ruwa ba. Bayan hannu shi ne wuri mai wahalar rufewa. Safar hannu ta auduga tana yi, ko hijabi mai hannu da ya sauko har kan yatsu. A adaidaita sahu ki zauna tsakiya ko ɓangaren da rana ba ta bugawa, ki sa hannuwanki cikin hijabi. Inuwar bishiya tana ragewa amma ba ta tarewa duka, musamman mai tsirarun ganye.

Ga wani gwaji mai sauƙi da nake sa marasa lafiya. Ranar da za ki yi aikinki na yau da kullum, ki yanke ƙasan tsohuwar safa mai kauri ki zura a hannu ɗaya daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ki bar ɗayan yadda kika saba. In da yamma wanda aka bari ya feso, wanda aka rufe kuwa bai yi ba duk da ya fi shan gumi, kin samu amsarki, kuma kin samu abin nuna wa mutanen gida.

Man kariyar rana

Yana da amfani, amma ni a bayan tufa nake sa shi, don yana da tsada, kuma gumi da alwala suna wanke shi. Ki ajiye shi don wuraren da tufa ba ta rufewa: bayan hannu, wuya, fuska. Wajen saye kada lambar SPF, wato lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikinsa, ita kaɗai ta ruɗe ki, domin UVB take aunawa. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na UVB, SPF 50 kusan kashi 98, amma ke babban abokin gabarki UVA ne. Ki nemi mai SPF 50 wanda kuma aka rubuta UVA a cikin da'ira a jikinsa, ko PA da alamar tarawa uku ko huɗu. Mai zinc oxide ko titanium dioxide ya fi dacewa da fata mai saurin fushi, sai dai yana barin toka-toka a baƙar fata. Wanda aka sa wa launin ƙasa-ƙasa yana magance wannan. Ki saya a babban kantin magani, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ki guji wanda aka ce yana haɗe da ƙarin hasken fata.

Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba, kaɗan suke shafawa. Fuska da wuya suna cin kusan cokalin shayi guda, kowane hannu in a buɗe yake shi ma cokali guda. A shafa minti 20 kafin fita, a sake bayan awa biyu in har ana waje, a kuma sake bayan alwalar azahar. Man kaɗanya da basilin da man kwakwa suna laushin fata, amma ba sa maye gurbinsa.

In sun riga sun feso

Ki ba fatar hutu daga rana na kwana biyu ko uku iyakar iyawarki. In ba a ƙara musu haske ba, cikin mako guda zuwa kwana goma suke mutuwa da kansu. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa ki ɗora minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana. Kada ki ɗora ƙanƙara kai tsaye. Wanka da ruwa mai sanyi ko ɗumi-ɗumi, ba soso a wurin, a tsane da tawul ba a goge ba. Ruwan kalamin, mai launin hoda ɗin nan da ake shafa wa yara masu ƙaranbau, yana sanyaya ƙaiƙayi. In ya busar da fatar ki bi da man kaɗanya.

Man da na yarda mutum ya saya da kansa shi ne hydrocortisone mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, a shafa siriri sau biyu a rana, a kan ƙurajen kawai, kada ya wuce kwana bakwai. Don ƙaiƙayi, babba zai iya shan cetirizine ko loratadine, miligiram 10 sau ɗaya a rana. Ba sa kashe ƙurajen, rage susa suke yi. Piriton yana sa barci, don haka da dare ya fi dacewa. Mai ciki ko mai shayarwa ta tambaya a wajen awo kafin ta sha. Ki yanke farce. Na san faɗa ya fi yi sauƙi, amma susar nan ita take mayar da ƙurjin mako guda ya zama tabon wata shida. In ya ci ƙarfinki ki danna wurin da tafin hannu ko ki koma ga jiƙaƙƙen tsumma. Kada ki shafa lemun tsami, ko toka, ko man zafi, ko man goge baki, ko Dettol.

Man da aka ba ki a kemis

Wannan man ya fi ƙurajen tayar mini da hankali. Ki karanta jikin bututun. In kin ga clobetasol ko betamethasone, sinadarin sitiroyid ne mai ƙarfi, galibi an haɗa shi da maganin makero da na ƙwayoyin cuta a mai guda, ana ba da shi ga kowane irin ƙurji. Yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa ake son sa. Amma in aka daɗe ana shafawa yana sa fata ta yi fari, ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ta yi nankarwa, ta yi ta fesowa da ƙuraje. Fatar da ta rasa launinta da kaurinta kuwa ta rasa garkuwarta, rana ta ƙara samun hanya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Likita yakan rubuta irin waɗannan mayuka, amma na 'yan kwanaki, a wuri ƙayyadadde.

In kin fi wata guda kina shafa shi kullum, kada ki yanke rana ɗaya, don fatar takan yi bore. Ki koma kwana ɗaya shafa kwana ɗaya hutu na mako biyu, sannan sau biyu a mako na wasu mako biyu, sannan ki bari, kina yawaita man kaɗanya kina rufe wurin. Farin yakan cike cikin watanni. Baƙin tabon ma yana dusashewa da kansa, amma da sharaɗin rana ta daina dukansa, don duk haskawar da ta yi masa ƙara masa duhu take. Kada wani ya ba ki man bilicin da sunan goge tabo. Haka kuma prednisolone da dexamethasone na sha, waɗanda su ma sitiroyid ne: likita yakan ba da su na 'yan kwanaki in abin ya yi tsanani, amma ba maganin da za ki saya da kanki duk bazara ba ne. Suna kawo suga, da hawan jini, da lalacewar ƙashi.

Sabar da fata

Ba ina nufin ki kulle kanki a ɗaki ba. Wannan nau'in yana da wata ɗabi'a mai daɗi: fata tana sabawa, kamar yadda fuskarki ta saba. A manyan asibitoci masu na'urar haske ana yin wannan da gangan, a haska fata kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a mako na mako huɗu zuwa shida kafin lokacin zafi. A gida za ki iya kwatantawa da ranar sassafe, bayan ƙurajen sun warke sarai kuma kin rabu da man kemis. Ki fara da minti 5 hannuwa a buɗe wajen ƙarfe 8, kullum, ki ƙara minti biyu ko uku bayan kowane kwana uku. In sun feso ki tsaya har su warke, ki koma inda ba su feso ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a watan Janairu ko Fabrairu ake farawa, ba a tsakiyar Afrilu ba. Sabon yana gushewa in aka daɗe ba a shiga rana ba.

Wannan ɗan hasken safe yana da wani amfanin. Fata da hasken rana take haɗa bitamin D, kuma mace mai baƙar fata, mai rufe jiki, mai gudun rana, za ta iya rasa shi. Ki riƙa cin ƙwai da hanta da kifi mai maiƙo irin su sadin, kuma in za ki daɗe kina kauce wa rana ki yi wa likita maganar ƙwayar bitamin D.

Inda dabarun gida suke tsayawa

Sabar da fata na mai PMLE ne kawai. Akwai cututtuka da suke fara nuna kansu da rashin jituwa da rana, alhali a cikin jiki suke. Babba a cikinsu ga mace mai shekarunki shi ne lufus, ciwon da sojojin jiki suke juyowa kan mai su, kuma ya fi yawa a mata baƙar fata. Ki tambayi kanki: ina ciwon gaɓoɓi, musamman yatsu da safe? Gashina yana zuba? Ina yawan gyambon baki, ko zazzaɓin da aka yi ta maganin maleriya bai tafi ba, ko gajiya mara dalili? Ƙafafuna ko fuskata suna kumbura, fitsarina yana kumfa? Na yi ɓari fiye da sau ɗaya? Akwai tabo a kumatu da karan hanci, ko a cikin kunne, ko a ka, mai fari a tsakiya da baƙi a gefe? In ko ɗaya ya zama eh, a yi gwajin jini da fitsari kafin komai, don lufus yana taɓa ƙoda shiru, kuma rana tana ta da shi.

Ɗaya kuma da ake mantawa da ita ita ce felagira, ƙarancin bitamin B3. Wani likitan Sifaniya, Gaspar Casal, ya siffanta ta tun 1735 a tsakanin talakawa masu rayuwa a kan masara. Fata tana yin baƙi tana ɓarewa a bayan hannu da ƙafa, ta zagaye wuya kamar sarƙa, tare da gudawa, da ciwon harshe, da rikicewar tunani. Nakan gan ta a gidajen da tuwon masara ne safe da dare babu nama babu gyaɗa, da masu shan maganin tarin fuka mai isoniazid, da mashaya giya. Tana kisa in an bar ta, amma tana warkewa da sauri in an gane ta. Cutar ƙanjamau ma takan sa fata ta ƙi rana. Yaron da yake ihu da zafin fata da zarar an fita da shi rana, ko zabiya da gyambo ya fito masa ya ƙi warkewa, su ma ba na gida ba ne.

Ke ma ki tafi asibiti ba jira in ƙurajen suka ɗuri ruwa, ko suka yi mugunya, ko suka bazu zuwa inda tufa take rufewa, ko suka haɗa da zazzaɓi, ko suka wuce mako biyu duk da kin kauce wa rana. In leɓe ko ido ko baki suka kumbura ko suka saluɓe bayan fara wani sabon magani, wannan na gaggawa ne a ranar.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ina so likita ya ga fatarki ko sau ɗaya ne. Ba sai likitan fata ba, na babban asibitin garinku zai iya yin gwajin farko, ya tura ki asibitin koyarwa in da buƙata, inda akwai magunguna irin su hydroxychloroquine ga wanda tufa da mai ba su ishe shi ba. Matsalar da muke yawan samu ita ce ranar da mara lafiya ya iso, ƙurajen sun riga sun mutu, sai tabo. Don haka ranar da suka feso ki ɗauki hotonsu da waya a hasken rana, ɗaya daga kusa, ɗaya daga nesa yadda za a ga inda suka tsaya. Ki tafi da hotunan, da ɗan littafin nan naki, da bututun man kemis ɗin, da duk wani magani ko turare ko man shafawa da kike amfani da shi, a leda guda.